Murhun bangon falona yana cin itace amma ɗaki bai ɗumi, ga haɓo ya addabi yara

Bafagge_a_Minnesota:

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Dan Allah waɗanda suka daɗe a ƙasashen ƙanƙara ku taimaka min da shawara. Bara da rani Allah ya hore mana muka sayi gida a gefen Minneapolis, tsohon gida ne na bulo, a falon akwai murhun nan na bango mai bututun hayaƙi har saman rufi, irin wanda muke gani a fim, kuma gaskiya har da shi a abin da ya ja ra'ayin uwargida. To yanzu sanyi ya shigo, bil ɗin gas na wata ɗaya ya kusa sa ni hawaye, sai nace bari mu riƙa hura wutar nan da daddare ko a rage. Wlh abin mamaki, in ka zauna gabanta fuskarka kamar za ta gasu amma bayanka sanyi, ɗakunan sama kuma sai sun fi da sanyi, har iska kake ji tana shigowa ta ƙasan ƙofa tana wucewa ta ƙafarka kamar an kunna fanka. Itace kuwa kamar ana zuba shi a rijiya.

Na biyu bushewa. Ni da na tashi a Kano na ɗauka babu hunturun da zai ba ni tsoro, amma na nan cikin gida yake kama ka. Ƙaramin yarona sau uku yana haɓo a sati ɗaya, madam ƙafa duk faso duk da man kaɗe da take shafawa, in ka taɓa hannun ƙofa sai ka ji wuta ta ja ka tsut.

Maƙwabcina wani dattijon Bature yace in sa abin da suke kira insat, wato wani akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi da ake turawa cikin ramin murhun, sannan in sayi butar ƙarfe mai nauyi in cika da ruwa in ɗora a kai tana tururi. Na tambayi kuɗin insat ɗin na ji ba na wasa ba ne. Shin da gaske yana aiki ko kuɗina zan zubar? Ita kuma butar tana maganin bushewar?

Injiniya_Winnipeg:

Wa alaikumussalam Bafagge, sannu da shiga layin masu gida, Allah ya sa alheri. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka a kan insat, a kan buta kuma rabin gaskiya, bari in bi da kai a hankali don ni ma na sha wannan wahalar shekarar farko.

Iskar da kake ji a ƙafarka ba aljanu ba ne, murhun ne yake shaƙe iskar gidan. Wuta a buɗe tana jan iska mai yawan gaske ta tura ta sama ta bututu, kuma iskar da take ja ita ce wadda hitarka ta gas ta riga ta ɗumama ka biya kuɗinta. Duk wadda ta fita dole wata ta maye gurbinta, sai ta waje mai ƙanƙara ta kutso ta ƙasan ƙofa da gefen taga da duk wata 'yar kafa. Shi ya sa ɗakunan sama suke ƙara sanyi. Buɗaɗɗen murhu zafin da yake bari a cikin gida bai wuce kashi 10 cikin 100 na abin da itacen ya bayar ba, sauran tsuntsayen unguwa kake wa hidima. Insat mai kyau yana riƙe wajen kashi 70, saboda a rufe yake, kai ne kake sarrafa iskar da ke shiga da wani ɗan hannu, hayaƙin ma ana sake ƙona shi a saman akwatin kafin ya fita, sannan akwai 'yar fanka a ƙasa da take zagaya iskar ɗaki ta jikin ƙarfen ta turo ta da zafi. Loda ɗaya na itace mai kyau da ƙarfe 10 na dare, da asuba in na sauko sallah ina tarar da garwashi.

Amma ga inda mutane suke cutar kansu. Kar ka yarda kowa ya tura maka akwatin cikin rami kawai ya tafi. Dole a zura sabon bututun ƙarfe mara tsatsa, yawanci inci 6, daga kan insat ɗin har can ƙolin rufi. Tsohon bututun bulo ya yi wa insat faɗi, hayaƙi yana hucewa a hanya, sai ya riƙa barin wata baƙar kwalta a bango, ita ce idan ta taru wata rana ta kama da wuta a cikin bututun, ka ji kamar jirgi yana tashi a saman gidanka. In bututunka a jikin bangon waje yake ka ce a naɗe ƙarfen da abin riƙe zafi. Sannan ka ce su toshe wuyan murhun da faranti a kewayen bututun, masu aikin da yawa basa yi sai ka matsa, in ba a yi ba zafi yana sulalewa sama ta bayan akwatin.

Kafin komai dai ka kira mai sharar bututu ya leƙa da kyamara. Tsohon gida ne, ba ka san me mai shi na da ya ƙona a ciki ba. Kuma ya tabbatar maka murhun na bulo ne na ainihi, don akwai na kamfani da ƙarfe ne siriri aka yi wa kwalliyar bulo a fuska, wannan ba kowane insat ake sa masa ba.

Abu ɗaya da ya ba ni kunya ni da ake ce wa injiniya: na'urar da take kunna hitar gidana a falo take, kusa da murhun. Wuta ta yi daɗi, falo ya yi zafi, na'ura ta ɗauka duk gidan haka yake ta kashe hita, sai da safe na tarar famfon banɗakin ƙasa ya daskare. Allah ya rufa asiri bututun ruwan bai fashe ba. Ka duba inda taka take.

Maman_Biyu_Leeds:

Salam. Ni ta ɓangaren buta zan yi magana tunda ita na sani, maganar bututu na bar wa su Injiniya. Muna da murhun itace a nan amma namu mai tsayuwa ne da ƙafafunsa, samansa a fili. Na sayi butar nan har biyu, ta farko baƙin ƙarfe ce zalla mai arha, wata ɗaya cikinta ya yi jawur da tsatsa, ta kuma bar min zobe a saman murhun wanda har yau bai fita ba, maigida kullum sai ya nuna min shi. Ta biyun mai fentin tangaran a ciki ita ce ta daɗe, ita ma in ruwanku mai gishiri-gishiri ne za ki ga, au afuwan, za ka ga farin abu ya kama ciki kamar kanwa, sai a jiƙa da binega a wanke.

Amma tsakani da Allah Malam kar ka sa rai da yawa. Butar lita 2 take ci ko da ɗan wani abu, kuma ba tafasa take ba, a hankali take tururi, wuni guda da kyar ta ƙare. Wannan falo kaɗai zai ɗan ji, ɗakin yara a sama ko labari. Ni amfanin da na fi samu ƙamshi ne, ina jefa kanumfari da kirfa da ɓawon lemu, gida ya ɗauka, baƙi su yi ta tambaya wane turare ne. Kar dai a sa turaren wuta na gida mai sukari a ciki, na gwada, caɓewa ya yi ya kama gindin. Kuma kar a bari ta ƙone ƙurmus sannan a zuba ruwan sanyi, tururin zai iya ƙona hannu, ƙarfen ma yana tsagewa. Ba a shan ruwan, na faɗa don na san halin mutanenmu da shayi, wani sai ya ga buta a wuta ya ɗauko kofi.

Sannan ka lura da wannan tun kafin ka biya kuɗi, insat da yawa shafe suke da bango, babu inda za ka ɗora ko cokali. Sai mai ɗan baki da ya fito waje, shi ma ƙawata da take da irinsa ta ce saman baya zafi sosai saboda iskar fanka ce take bi ta wurin, ruwan sai dai ya yi ɗumi.

Maganar haɓo kuwa, ka sayi ɗan agogon nan mai auna laimar ɗaki, ba shi da tsada, ka ajiye a ɗakin yaron ka ga lamba nawa yake nunawa. Sai ka sa masa humidifaya, na'urar nan mai ƙara wa iska laima, a ɗakin da daddare. A riƙa zubar da ruwan kullum ana wankewa, in an bar shi ya kwana biyu ƙazanta yake fesowa. In haɓon ya ƙi tsayawa ko yana daɗewa yana zuba a kai shi asibiti, kar a ce sanyi ne kawai. Allah ya ba shi lafiya.

Dan_Tudun_Jos:

Hhhh ikon Allah. Yallaɓai duk wannan dogon lissafi a kan jin ɗumi? Mu nan Jos in sanyin Disamba ya matsa kasko ne da gawayi a tsakar ɗaki, a rufe ƙofa, a sa kwanon ruwa a ƙarƙashin gado saboda hunturu, shikenan kowa ya yi barci. Ko in aiko maka da kasko ne ta hannun masu zuwa? Dala nawa za ka biya?

Injiniya_Winnipeg:

Dan Tudu na san wasa kake amma wlh wannan ba zan bari ta wuce ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane, a can gida ma duk hunturu sai ka ji an wayi gari an tarar da mutane a ɗaki babu rai, a ce barci ne ya zarce, alhali iskar gawayi ce, kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da kasala ne kawai sai mutum ya kasa tashi. Abin da yake ceton da yawa a gida shi ne ɗakunanmu suna shan iska ta ko'ina, ta silin ta ƙofa ta taga. Gidajen nan kuwa a liƙe suke kamar kula. Lokacin da wuta ta ɗauke a Texas a watan Fabrairun 2021 mutane sun shigo da abin gashin nama ɗaki, wasu sun kunna mota a gareji don jin ɗumi, an rasa rayuka a haka. Kai ma Dan Tudu ka fitar da kaskon kafin a kwanta dan girman Allah.

Bafagge ko ka sa insat ko baka sa ba, na'urar jin kabon monoksayid a kowane bene da kusa da ɗakunan kwana, yau ba gobe ba.

Tunda na dawo bari in ƙarasa maganar bushewa, don Maman Biyu ta yi daidai. Mutane suna cewa wutar itace ce take busar da gida, ba haka ba ne kai tsaye. Iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar ruwa. A awo 20 ƙasa da sifili, mita ɗaya ta ko'ina ta iska ruwan da ke cikinta giram 1 ne ko kusa, iskar ɗaki mai awo 21 kuwa tana iya ɗaukar wajen giram 18. To ka shigo da waccan ka ɗumama ta, kaga ta zama kamar soso busasshe, sai ta hau tsotsar ruwa daga hancin yaro da ƙafar madam da katakon ƙasa. Buɗaɗɗen murhunka yana fitar da iskar gidan da ta ɗan samu laima daga girki da wanka da numfashi, yana jawo busasshiya. Don haka insat ɗin kansa zai rage maka bushewa fiye da butar, don ya rage zuƙar iskar. Ka kuma bi ƙofofi da tagogi da robar toshe kafa, wannan aikin Asabar ɗaya ne.

Laimar da ake so tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100 ne, amma a garuruwa irin namu in sanyi ya kai maƙura kar ka kore ta zuwa 50, za ka ga ruwa yana tsiyaya a gilashin taga yana daskarewa, daga nan sai baƙin fumfuna a gefe. Ni a Janairu in na samu 30 zuwa 35 na gode Allah. Tunda hitarka mai hura iska ce ta cikin bututu, akwai humidifaya da ake haɗa mata a jiki ta raba wa duk gidan, ya fi maka jidon ruwa. Waɗancan ƙananan masu fitar da hazo mai sanyi, in ruwan famfonku mai nauyi ne za ka ga farar ƙura ta rufe talabijin.

Bazindire_Montreal:

Gaisuwa ga kowa. Ni abu biyu zan ƙara, doka da itace.

A nan Montreal tun Oktoban 2018 an hana amfani da murhun itace sai wanda ƙurar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wuce giram 2.5 a awa ba, buɗaɗɗe irin naka ba ka da ikon hura shi sai in wuta ta ɗauke ta jima. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ita ma ta tsaurara ma'aunin sababbin murahu tun 2020, saboda haka ka nemi mai takardarta a jiki, ka rabu da tsohon da wani zai sayar maka da arha a Facebook. Ka nemi izinin hukumar garinku kafin aiki, kuma ka kira kamfanin inshorar gidanka ka faɗa musu. Mu a Kanada sai sun ga takardar mai duba da ake kira WETT. In ka ɓoye musu gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ranar za ka san kalar su.

Itace kuma shi ne komai. Insat na zamani baya son ɗanyen itace ko kaɗan, gilashi zai yi baƙi, wuta ta yi ta tsuwwa tana kumfa a bakin itacen, kai kuma ka ce an cuce ka da murhu. Danshin itace ya zama ƙasa da kashi 20. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu, ka faskara guda ka soka a tsakiyar sabon fashin, ba a baya ba. Duk mai sayarwa zai rantse maka busasshe ne, ni na farko da ya kawo min rantsuwa ya yi da kabarin uwarsa, na auna na samu 30 da wani abu, shekarar a cikin hayaƙi muka yi ta. Wanda suke kira ok shi ne kiryar nan ƙasar, nauyi da garwashi mai daɗewa, amma sai ya shekara biyu a jere bayan an faskara. Itacen da suke kira ash ya fi saurin bushewa, kuma a jiharku yana da yawa yanzu saboda wani ƙwaro kore da yake kashe bishiyar ana ta sarewa. Dalilin ƙwaron ne ma aka hana yawo da itace daga wasu yankuna, ka saya kusa da kai.

Ma'aunin su kod, cikakke ƙafa 4 ne a 4 a 8. Akwai wanda suke kira kod ɗin fuska, shi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, ka tambaya wanne ake nufi kafin ka tura kuɗi. Kar a ƙona katako mai fenti ko na shinge mai launin kore, guba ne. Toka a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje, nesa da bango, garwashi yana kwana uku a cikin toka da ransa.

In ka ga ba ka da ƙarfin faskare da jido da kwasar toka, akwai insat na gas, ka danna ya kama, sai dai bil ɗin da kake gudu yana nan.

Maman_Biyu_Leeds:

Na manta, gilashin ƙofar nan zafinsa ba kama hannun yaro, a sa shingen ƙarfe a kewaye tun ranar farko. Kuma a gaya wa madam in tana suya ta kunna fankar kicin mai zuƙar hayaƙi a lokacin da kake haɗa wuta, hayaƙin murhu zai iya dawowa falo. Mu sai da muka yi wata muna faɗa da maigida kafin muka gane ƙosaina ne.

Bafagge_a_Minnesota:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, Hajiya, Bazindire, har da kai Dan Tudu, ka riƙe kaskonka na yafe.

Ga inda aka kwana. Mai shara ya zo jiya da kyamararsa, murhun na bulo ne na gaske alhamdulillah, amma ya nuna min a waya tayal biyu na cikin bututun sun tsage can sama, yace kar in sake hura wuta a haka, wato duk daren da muka yi muna jin ɗumi Allah ne kawai ya tsare. Ya kuma gano marfin wuyan murhun baya rufuwa duka, kenan ko babu wuta iskar gidan fita take dare da rana tun da muka tare. Ya cusa min wani abu kamar balan-balan ya toshe wurin zuwa lokacin aiki, yace in rataya takarda a gaba don kar wani ya manta ya kunna ashana, daren jiya kuwa iskar ƙasan ƙofar ta ragu sosai.

Agogon laima na sayo, ɗakin yara 19 ya nuna. Mun kunna humidifaya ya hau 31 kafin asuba, yau kwana biyu babu haɓo. Na'urar kabon ma na sa uku.

Insat ɗin sai bazara, sun ce layi ya yi tsawo yanzu kuma hawa rufi cikin ƙanƙara ƙarin kuɗi ne, ni ma kafin nan na tara. Mutum biyu sun ba ni farashi, ɗaya bai ko ambaci farantin toshe wuya ba sai da na tambaya, yace ai ba dole ba ne. Butar kuwa madam ta riga ta yi oda tun da ta karanta maganar kanumfari, ja ce mai fentin tangaran, tana nan a kan teburin falo babu inda za a ɗora ta, don haka yanzu dole in nemi insat mai baki.

Bazindire, in na sayi ash ɗanye a watan Afrilu na faskara na jera a bayan gida, zai kai 20 ɗin kafin Nuwamba? Kuma ana rufe shi da tamfol duka ne ko sama kawai?